Hazo da wutar lantarki: Yadda ake tsayar da lokacin wanke injunan tashoshin gas

Babu wata babbar tashar lantarki mai aiki da iskar gas a Dutsin-Ma ko Kurfi, haka nan babu irinta a ko'ina cikin Jihar Katsina. Amma wutar da kamfanin KEDCO ke raba wa masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara a garuruwan biyu, daga babban layin ƙasa take zuwa, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da ke hawa wannan layi da gas ake samar da shi. Ragowar na fitowa ne daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Tukunya ɗaya ake zuba wutar kafin a kasafta ta ga kamfanonin rarrabawa, saboda haka duk abin da ya rage ƙarfin wani inji a Kogi ko Ribas, yakan taɓa rabon Katsina.

Idan ana batun ƙarancin wuta, dalilan da aka saba ji su ne rashin gas, da bashin da ke kan gwamnati, da lalata turakun lantarki, da faɗuwar babban layi. Akwai kuma wani dalili da ba ya shiga kanun labarai, wato datti. Injin gas yana rage ƙarfi sannu a hankali saboda ƙurar da yake shaƙa. Wanki yana dawo da mafi yawan ƙarfin, sai dai wanki na sosai ba ya yiwuwa sai an kashe injin, kuma injin da aka kashe ba ya ba da wuta. A tsakanin waɗannan asarori biyu ne injiniyoyi ke neman amsar tambaya guda: bayan kwana nawa ya kamata a wanke?

Tambayar tana matsowa Arewa. A ranar 30 ga Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kuma daga cikin manufofinsa akwai kafa tashoshin lantarki a Abuja da Kaduna da Kano. An aza harsashin ta Gwagwalada, mai megawat 350 a zangon farko, a watan Agustan 2023. Duk injin da aka kafa a Kano zai shaƙi irin iskar da mutanen Kurfi ke shaƙa a watan Janairu.

Injin da abincinsa iska ne

Injin da ake magana a kai shi ne wanda injiniyoyi ke kira tabayin, ɗan uwan injin jirgin sama. Ya sha bamban da fankokin Lambar Rimi, waɗanda iskar Allah ce ke juya su, ya kuma bambanta da injunan tashar Egbin ta Legas, inda ake ƙona gas a tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Tabayin na gas kashi uku ne a kan sanda guda. Na farko kwamfuresa, wanda aikinsa ɗaya da na mai faci a bakin titi: ya zuƙi iska ya matse ta. Na biyu ɗakin ƙuna, inda ake fesa gas cikin matsattsiyar iskar a kunna. Na uku jerin farfeloli da zazzafar iskar ke bugawa tana juya su, su kuma su juya janareta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rabin ƙarfin da farfelolin ke samarwa, ko ma fiye da rabi, komawa yake wajen juya kwamfuresa. Ragowar kawai ke zama lantarki. Ɗan kasuwa zai fahimci wannan da sauri: idan uwar kuɗi ta fi riba yawa, ƙaramin ƙari a kan uwar kuɗin yana iya cinye babban yanki na ribar. Idan kwamfuresa ya ɗan yi nauyi, ba daga rabonsa ake cire asarar ba, daga wutar da za ta fita ake cirewa.

Tashar Geregu da ke kusa da Ajaokuta a Jihar Kogi misali ce mai kyau. An buɗe ta a 2007 da injuna uku ƙirar Siemens, jimillar megawat 414. Kowane inji irin wannan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kwamfuresansa na da jerin fukafukai sahu 16, yana matse iska fiye da ninki goma har zafinta ya haura digiri 300 tun kafin a kunna wuta. Yana zuƙar iska kimanin kilogiram 500 a kowane sakan, wato abin da zai cika ɗakunan kwana takwas ko tara. A kwana guda ya sha tan 43,000 ke nan. Gas ɗin da ake ƙonawa bai wuce kashi 2 cikin 100 na wannan nauyi ba.

Daga nan lissafin ƙura ya fito fili. Ko da kashi ɗaya tak cikin miliyan na iskar da ta shiga ƙura ce, injin ya haɗiyi kilogiram 43 a kwana, kusan buhun siminti guda. Ba dukkanta ke maƙalewa ba, amma abin da ya maƙale ya isa.

Abin da ƙurar ke yi

Girman ƙwayar ƙura ne ke nuna irin ɓarnarta. Ana auna ta da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai maikron 70. Ƙwayoyin da suka haura maikron 10 suna goge fukafukai kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya, kuma wannan ɓarna ba ta wankuwa, sai an sauya ƙarfen. Ƙananan, masu laushi kamar garin alabo, su ne ke kwanciya a jikin fukafukan su sauya siffarsu. Fiffiken da aka ƙera sumul domin iska ta zame a kansa, sai ya yi kaushi, ƙofar da iska ke bi ta ƙuntata. Sakamakon abu biyu ne a lokaci guda: iskar da ke shiga ta ragu, ƙarfin da ake kashewa wajen matse ta ya ƙaru.

Alƙaluman da aka saba ambata a littattafan wannan fanni sun nuna cewa idan datti ya rage iskar da kashi 5 cikin 100, wutar da injin ke fitarwa tana iya faɗuwa da kashi 13, gas ɗin da ake ƙonawa a kan kowane kilowat kuma ya ƙaru da kimanin kashi 5 da rabi. Masana sun kuma yi ittifaƙi cewa dattin kwamfuresa shi ne ke da alhakin mafi yawan raunin da injin gas ke yi yana cikin aiki. Idan aka bar shi ya yi tsanani, akwai haɗarin da ya wuce asarar kuɗi: iskar da aka matse tana iya juyowa baya da ƙarfi, injin ya sarƙe ya yi girgiza, fukafukai su tsage.

Ko kashi 3 cikin 100 ba abin renawa ba ne. A ɗauka injunan da ke bai wa ƙasar nan megawat 3,500 duk sun rasa kashi 3 saboda datti. Megawat 105 ke nan suka salwanta ba tare da wani ya sare turke ko ya fasa bututu ba, ninki goma na abin da aka tsara fankoki 37 na Lambar Rimi za su bayar.

Ɗauraya da jiƙo

A da, shinkafa ake watsa wa injin yana cikin gudu, ko dakakken ɓawon ƙwallon itace, su kankare dattin sannan su ƙone a ciki. Dabarar ta yi aiki a zamaninta. An yi watsi da ita a injunan zamani ne saboda tana goge shafen kariya da ke jikin fukafukai, tana kuma toshe ƙananan hudojin da ke sanyaya farfelolin ɓangaren wuta. Yanzu ruwa ake amfani da shi, ta hanya biyu.

Ta farko za a iya kiranta ɗauraya. Injin yana kan aikinsa, sai a fesa masa tataccen ruwa ta bakin da yake shaƙar iska, na 'yan mintoci zuwa rabin awa. Ba a kashe wuta, shi ya sa wasu tashoshi ke yi kullum, wasu bayan kwana biyu ko uku, wasu mako-mako. Amma ɗauraya tana da iyaka. Ruwan yakan ƙafe bayan ya wuce sahun farko na fukafukai, tunda iskar tana ƙara zafi yayin da ake matse ta, kuma dattin da ya kwaso daga gaba yana iya sauke shi a sahun baya. Aikin ɗauraya shi ne jinkirta taruwar datti. Ba ta fid da wanda ya riga ya daskare, don haka ake fara ta tun injin yana da tsabta.

Ta biyu ita ce wankin jiƙo. Ana kashe injin, a jira ya huce, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana tsaga shi. Sannan a riƙa juya shi a hankali da motar tayarwa ba tare da an kunna wuta ba, a fesa ruwa da sabulu na musamman, a bar shi ya jiƙa, a ɗauraye sau da yawa har ruwan da ke fita ta ƙasa ya zama garau, a busar, a sake tayarwa. Wankin kansa ba ya cin lokaci. Jiran hucewa ne ke ci. Ga babban inji, abin yakan ɗauki daga rabin kwana zuwa fiye da kwana guda. Wannan ne ke dawo da kusan duk ƙarfin da datti ya cinye, kuma a kansa ne ainihin muhawarar take.

Lissafin da ke raba gardama

Hanya mafi sauƙi ita ce bin kalanda: a wanke duk bayan wata uku, ko bayan awa kaza na aiki. Tana da daɗi ga ofis, domin ana iya rubuta ta a kasafi tun farkon shekara. Aibinta shi ne ƙura ba ta san kalanda ba. Injin da aka wanke a watan Agusta mai yiwuwa bai buƙaci wankin ba, wanda aka bari har ƙarshen Fabrairu kuwa ya daɗe yana zubar da kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce sa iyaka: da zarar ƙarfin ya faɗi da kashi 2 ko 3 cikin 100, ko wani adadi da kamfanin da ya ƙera injin ya ba da shawara, sai a shirya wanki. Wannan ta fi ta farko, amma ita ma ba ta tambayi nawa tsayawar za ta ci ba.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan kasuwa, kuma misali zai fi bayyana ta. A ƙaddara inji mai megawat 100 da ke aiki dare da rana. Abin da yake samarwa a kwana shi ne megawat 100 sau awa 24, wato ma'auni 2,400. A ƙaddara wankin jiƙo yana cin kwana guda cur, asararsa ma'auni 2,400 ke nan, ban da kuɗin ruwa da sabulu, waɗanda ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da wutar da aka rasa. A ƙaddara kuma datti yana rage ƙarfin da kashi ɗaya cikin dubu a kowace rana. Ranar farko bayan wanki asarar ma'auni 2.4 ce, rana ta biyu 4.8, ta goma 24, haka take hawa. Wanda ya yi gaggawa yana wanki duk kwana goma, zai riƙa biyan 2,400 domin ya ceci abin da bai kai 150 ba. Wanda ya yi sakaci har kwana 100, asarar dattinsa ta ɗan haura 12,000. Ƙa'idar da lissafi ya fitar mai sauƙin riƙewa ce: lokacin da ya fi dacewa shi ne ranar da jimillar asarar datti, tun daga wankin baya, ta yi daidai da asarar wanki guda. A wannan misali, ranar tana faɗowa ne wajen kwana 45.

Abin sha'awar yana cikin yadda amsar ke motsawa. Idan saurin taruwar datti ya ninka sau huɗu, kwanakin ba sa raguwa sau huɗu, rabi kawai suke komawa, wato kimanin 22. Idan kuma aka samu matatar iska mai kyau ta rage saurin zuwa rubu'i, kwanakin sun zama kusan 90. Haka nan idan aka iya rage tsawon tsayawa, misali ta yin wankin a daren da dama ba a buƙatar injin, sai yawan wanki ya zama riba.

Misali ne kawai, kuma an sauƙaƙa shi. A zahiri datti ba ya taruwa daidai wa daida: yakan yi sauri a makonnin farko, sannan ya lafa bayan awa 1,000 zuwa 2,000 na aiki. Sannan ba a sa kuɗin ƙarin gas a ciki ba, alhali a Najeriya da dala ake ƙayyade farashin gas na tashoshin lantarki. A 2024 an tsayar da shi a kan dala 2.42 kowane ma'auni. Injin da ba a cika masa lodi ba ma yana iya ɓoye dattinsa gaba ɗaya: zai ba da megawat ɗin da aka nema, sai dai ya ƙona gas fiye da kima, asarar ta bayyana a takardar kuɗi ba a allon ma'aikata ba.

Datti ne ko zafin rana?

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan sanin nawa aka rasa, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. An ƙayyade ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin gas ne a kan iska mai zafin digiri 15 a daidai bakin teku. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka duk ƙarin digiri ɗaya yana rage ƙarfin da fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a Katsina a Afrilu da Mayu, inji mai tsabta fes yana iya rasa kashi 15 ko fiye. Tudu ma yana ci: duk hawan mita 100 yana rage kimanin kashi ɗaya, kuma Kano da Katsina suna kusan mita 500 sama da teku.

Wanda ya dubi allo kawai a tsakiyar bazara zai ɗauka injinsa ya yi datti, ya kashe shi ya wanke a banza. Wanda ya duba da asubar hunturu, lokacin da sanyi ya ƙara wa iska nauyi, zai ga ƙarfi ya hau ya ɗauka lafiya lau, alhali a lokacin ne ƙura ta fi yawa. Dole ne a daidaita alƙaluman da zafin ranar da nauyin iskarta kafin a gwada su da na ranar da aka gama wankin baya. Abubuwan da ake bibiya su ne matsin iska a ƙarshen kwamfuresa, da yawan iskar da ke shiga, da zafin hayaƙin da ke fita, da gas ɗin da aka ƙona. Idan an samu tsayawa, a leƙa sahun farko da ido, a shafa da farin ƙyalle, a zura siririyar kyamara a ga na ciki. Launin dattin ma shaida ne: baƙi mai maiƙo yana nuna hayaƙi ko yoyon man inji, fari mai ɗanɗanon gishiri yana nuna ruwa ko iskar teku, ja ko toka-toka kuwa ƙasa ce.

Shekarar ƙura a ƙasar Katsina

Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi ba sa buƙatar a karanta musu jadawalin ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da hazon da mafi yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin babbar mahaƙar ƙura ta duniya. Shi ne hazon da kan hana jirage sauka a Kano da Katsina, shi ne kuma ke sa mai shago goge kanta sau uku kafin azahar. Kafin shi akwai kaka, da ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin ƙona daji. Bayansa akwai guguwar da ke gabatar hadarin farko a Mayu da Yuni, wadda ke ɗaga yashi mai kauri. Damina na wanke sararin sama, amma tana kawo danshi da ƙwari masu bin fitila.

Sai dai ba a yanke hukunci da yawan ƙura kaɗai. Busasshiyar ƙura ba ta cika kama busasshen ƙarfe ba. Abin da ke liƙa ta shi ne maiƙo da danshi. Duk bakanike ya san cewa inda mai ke yoyo a jikin injin ban-ruwa, nan ƙasa ke yin dabe. Shi ya sa tashar Afam da ke kusa da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da danshi da gishiri, kuma baƙin hayaƙi ya addabi yankin tun ƙarshen 2016, tana iya fama da datti mai danƙo fiye da tashar da ke cikin hazo. A Arewa, kwanakin da suka fi hatsari su ne na sauyin yanayi, lokacin da raɓa ko yayyafin farko ya sauka a kan matatar da ta cika da ƙurar watanni, ta koma taɓo. Hayaƙin manyan motoci da tururin man injin kansa, idan iska ta mayar da su bakin shaƙa, suna yin aikin da danshi ke yi.

Wannan ne ya sa kuɗin da aka kashe a kan matatar iska, wato filta, ya fi wanda aka kashe a kan sabulu amfani. A ƙasashen hamada irin Saudiyya an daɗe ana amfani da filta mai kakkaɓe kanta, wadda ke hura iska da ƙarfi ta baya lokaci-lokaci domin ƙurar ta zube. A bayanta ana iya sa wata mai matuƙar laushi da ke tare ƙwayoyin da ba su kai maikron ɗaya ba, kuma akwai tashoshin da da irinta suke shekara ba su yi wankin jiƙo ba. Tana da tsada, kuma duk filta tana ɗan shaƙe injin ta rage masa ƙarfi, musamman idan ta toshe, don haka ita ma sai an sa ta a ma'auni. Amma ƙaramar ɓaraka a gefen ƙofa ko robar da ta tsufa tana iya ɓata aikin filta mafi tsada.

Ruwan wankin ma matsala ce mai zaman kanta. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan Kogin Karaduwa, tana da ruwa mai yawa, kuma a Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin tace shi domin sha. Amma ruwan da ya dace da sha bai dace da ɗaurayar injin gas ba, balle na rijiyar burtsatse. Dole ne a cire masa gishiri da kanwa da sauran ma'adinai har ya zama kamar ruwan batir, domin waɗannan idan suka haɗu da wuta mai zafin fiye da digiri 1,000 suna cin farfelolin da suka fi komai tsada a injin. Tashar da na'urar tace ruwanta ta lalace gara ta haƙura da ɗauraya. Akwai kuma iyakar sanyi: iska tana ƙara sanyi yayin da ake zuƙarta da sauri, ruwan da aka fesa yana iya zama ƙanƙara, shi ya sa wasu kamfanoni suka hana ɗauraya idan zafin iska ya yi ƙasa da kimanin digiri 10. A ƙasar Hausa wannan bai shafi kowa ba sai a 'yan asubahin tsakiyar hunturu, kuma maganinsa a jira hantsi. Ruwan da ya fito daga jiƙo kuwa yana ɗauke da mai da sabulu, tara shi ake yi a tace, ba a sake shi ya gangara fadama.

Inda Najeriya ta sha bamban

Littattafan Turai da Amurka suna gina lissafinsu ne a kan injin da ke aiki ba tsayawa, wanda duk awar da ya rasa asara ce. A Najeriya, inda injunan da aka kafa suka kai kimanin megawat 13,000 amma abin da ke isa ga jama'a ya fi yawa tsakanin 4,000 da 5,000, injuna da dama suna zaune ne saboda babu gas ko layin ba zai iya ɗaukar wutarsu ba. Injin da ya riga ya tsaya ya huce, wankinsa kusan kyauta ne. Tashar da ke da sabulu a sito da tataccen ruwa a tanki da ma'aikatan da suka san aikin tana iya mayar da kowace irin wannan tsayawa damar wanki. Wadda sai ta rubuta takarda ta jira amincewa, gas zai dawo ya same ta da dattinta. Matsalar kuɗi tana shigowa a nan: a 2025 ƙungiyar kamfanonin samar da wuta ta ce bashin da take bi ya kai kimanin Naira tiriliyan 4, kuma kamfanin da ke cikin irin wannan hali, sauya filta na cikin abubuwan farko da yake ɗagawa zuwa baɗi.

A yankin da ke shan hazo kai tsaye, misalan ba su da yawa. An ba da kwangilar tashar Kudenda ta Kaduna, mai megawat 215, tun 2009, ta kuma shafe shekaru ba ta kama aiki yadda aka tsara ba. Wadda ta fi kusa da yanayin Katsina ita ce tashar gaggawa ta Maiduguri, mai megawat 50 a tsari, da kamfanin NNPC ya kafa bayan 'yan ta'adda sun karya turakun layin Damaturu a 2021. An buɗe ta a Maris 2023 da inji ƙirar GE wanda asalinsa na jirgin sama ne, gas ɗinta kuma a mota ake kai shi. Irin wannan inji ƙarami ne, yana hucewa da wuri, wankin jiƙonsa 'yan awoyi ne. Amma lissafinsa ya fi tsauri ta fuska biyu: gas ɗin da aka yi dakonsa ɗaruruwan kilomitoci ya fi tsada a ɓarnatar, sannan idan babu wani injin da zai karɓe shi, awar wanki awar duhu ce ga masu dogaro da shi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin wata rana takardun masu son kafa irin waɗannan tashoshi za su iya sauka a teburin ma'aikatan jiha a Kano ko Katsina. Megawat ɗin da ke shafin farko na irin wannan takarda na digiri 15 ne a bakin teku, da sabon inji. Adadin da ya shafi mai niƙa a Kurfi shi ne wanda zai rage da ƙarfe uku na ranar Afrilu, bayan watanni huɗu na hazo. Ana gane shi ne daga shafukan ciki: wace irin filta aka saka a farashin, daga ina tataccen ruwa zai fito, awa nawa aka ware wa wanki a shekara, da kuma wanda zai biya kuɗin ƙarin gas idan injin ya ƙona fiye da abin da aka yi alkawari, kamfani ko mai mita.